Kan da Bai Yi Yoyo Ba

Shekara talatin da huɗu Mai Faci da ƙanensa suka yi suna aiki a gindin bishiya ɗaya, a bakin hanyar da manyan motoci ke bi. Kayan aikinsu ba wasu masu yawa ba ne: injin iska mai tari kamar tsohon mashayin taba, baho cike da ruwa baƙi ƙirin, tarin tsofaffin tayoyi da ƙadangaru suka mayar gidansu, sai benci mai ƙafa uku da aka tokare da dutse.

Ƙanen nan, kowa Guduma yake ce masa, saboda taurin kansa. Da yana saurayi, idan aka zuga shi, da goshi yake fasa kwakwa, kuma har ya yi furfura bai daina alfahari da wannan ba. Shi kuwa Mai Faci mutum ne shiru-shiru, mai son kallon abin da wasu ba su damu da shi ba. Yana iya tsayawa da aiki a hannu yana kallon yadda tururuwa ke kewaye ɗigon mai. Hanya ɗaya ya sani ta gane lafiyar abu, kuma ba ta taɓa ba shi kunya ba: ya latsa da babban yatsa, ya kasa kunne, ya nutsa a ruwa ya jira kumfa. Abin da bai yi yoyo ba, lafiyarsa ƙalau.

Ranar Talata da hantsi wani direban tirela ya kawo taya. Wilin irin waɗannan motoci yana da wani zoben ƙarfe da ke riƙe tayar, kuma ranar nan zoben bai zauna daidai ba. Guduma na durƙushe yana ba ta iska, yana yi wa mai walda na kusa da su tsiya a kan tumbinsa, sai aka ji ƙara kamar an fasa sama. Tsuntsayen bishiyar suka watse gaba ɗaya. Zoben ya tashi ya same shi a gefen kai, sama da kunnen hagu, ya wuce ya faɗa cikin kwata.

Guduma ya kwanta rigingine, ido a rufe. Kafin Mai Faci ya iso wurinsa, sai ga Guduma ya buɗe ido, ya tashi zaune, ya tambayi inda hularsa take. Mai walda, da ya rugo da gilashin aikinsa a goshi, ya sauke ajiyar zuciya, ya ce a je a duba zoben tukuna, don shi ne abin tausayi, wanda ya yi karo da kan Guduma. Aka yi dariya, har da wanda aka buga.

Direban dai bai yi dariya ba. Ya ce a shiga mota ya kai shi asibiti. Mai Faci ya ce a dakata ya duba. Ya zaunar da ƙanensa a benci, ya bi kan nan da babban yatsa tun daga goshi har ƙeya, yana latsawa sannu a hankali kamar yadda yake bin tiyub. Ya leƙa kunne, ya leƙa hanci. Ya jiƙa farin ƙyalle ya shafa, ya ɗaga shi a rana, bai ga ko ɗigon ja ba. Ɗan kumburi ne kawai, bai kai rabin ƙwai ba. Don ya ƙara ba mutane dariya har kunnensa ya kara a kan, ya yi shiru kamar mai neman inda iska ke tsiyaya.

"Babu huda," in ji shi. "Ko ɗigo bai zuba ba. Je ka abinka, direba, kan nan ya fi motarka ƙwari."

Guduma da kansa ya ƙarasa tayar. Ya sha shayi, ya yi musun ƙwallo da mai walda har jijiyar wuyansa ta tashi. Sai da rana ta take tsaka ya ce kansa na sarawa. Mai Faci ya yanko masa dogon zirin tsohuwar tiyub ya ɗaure masa kan tamau, yadda suka saba idan zafin rana ya bugi ɗayansu. Can an jima Guduma ya zaga bayan tayoyi ya yi amai, ya dawo yana jan ƙafar dama, ya zauna yana kallon wansa. Sai ya kira shi Baba, alhali mahaifinsu ya fi shekara ashirin a ƙasa.

A nan ne Mai Faci ya ga wani abin mamaki. Baƙin idon ƙanensa na hagu ya buɗe, ya yi faɗi kamar bakin rijiya, na dama kuwa ɗan mitsitsi kamar kan allura. Bai taɓa ganin irin haka a fuskar mutum ba, sai a wata mage da suka taɓa yi. Abin ya burge shi har ya kira mai walda ya zo ya gani. Suka tsaya su biyu suna leƙawa, suna jinjina kai.

Matar Guduma, wadda ake kira Uwar Biyu tun da ta haifi tagwayenta mata, ta iso da kwanon abinci ta tarar da mijinta a kwance a kan kwali, kai ɗaure da roba. Ta ajiye kwanon ta tambayi abin da ya faru. Mai Faci ya ba ta labari, ya nuna mata zoben. Ta ce ita dai hankalinta bai kwanta ba, ko a kai shi a duba.

"Na duba shi da hannuna, ƙanwata," ya ce mata. "Ba abin da ya same shi. Firgita ce. Bar shi ya yi barci."

"To, Yaya. Tunda kai ka duba."

Ta gyara wa mijinta hula a ƙarƙashin kai ta koma gida. Guduma ya shiga minshari, wani irin minshari mai nauyi, ya ja ya ja, ya tsaya, sai ya sake kamawa. Mai walda ya leƙo ya ce yau injin iska ya sami ɗan'uwa. Da la'asar Mai Faci ya taɓa ƙanensa don su kwashe kaya. Ya girgiza shi. Ya yayyafa masa ruwan baho. Ya ɗaga hannunsa ya saki, hannun ya faɗi kamar tsumma.

A asibiti aka wuce da shi da gudu. Likitar da ta fito daga baya gajeruwa ce, mai tabarau, ba ta fi 'ya'yan Guduma da yawa a shekaru ba. Ta nuna wa Mai Faci da Uwar Biyu, da aka aika aka kira, hoton cikin kan a jikin wani allo mai haske. A gefe ɗaya akwai wani farin abu mai siffar ɓarin lemo, ya ture komai zuwa ɗaya gefen. Ta ce jini ne. Ƙarfen ya tsaga ƙashi daga ciki, ya yanke wata jijiya da ke kwance a ƙarƙashinsa, jinin ya yi ta taruwa tun safe. Ta ce ƙoƙon kai rufaffen akwati ne, ba ya miƙewa, ba ya buɗewa. Duk abin da ya ƙaru a ciki ƙwaƙwalwa yake matsawa, ita kuwa ba ta da wurin gudu sai ƙasa, ta ramin da ke gindin ƙoƙon, kuma daidai nan ne inda numfashi yake samun umarni. Ta ce idon nan da ya buɗe, da aman, da minsharin, duk ƙwaƙwalwar ce ke neman agaji.

Uwar Biyu ba ta gane rabin bayanin ba. Mai Faci kuwa ya gane shi tas, fiye da duk wanda ke tsaye a wurin. Ai ya san abin da matsi yake yi wa abin da ba shi da mafita. Rayuwarsa kaf a kan haka ta ƙare. Shi da ya yi murna don bai ga jini a waje ba, ashe rashin fitar jinin ne masifar. Kuma da hannunsa ya ƙara ɗaure kan da roba.

Ya tambayi likita ko ba za a huda a sassauta ba, yadda ake danna bawul. Ta ce abin da za su yi ke nan yanzun nan. Sannan ta tambaye shi ƙarfe nawa abin ya faru. Ya faɗa mata. Ta dubi agogon bango, ta rubuta wani abu a takarda.

An yi tiyatar, an kwashe jinin. Amma ƙwaƙwalwar da ta sha matsi na awa shida ta kumbura da kanta, kamar yatsan da ƙofa ta datse, kuma wannan kumburin babu bawul ɗin da ke sauke shi.

Kwana biyu Guduma na kwance a wani ɗaki mai sanyi, an zura masa roba a maƙogwaro, inji na hura masa iska. Abin da ya fi ɗaure wa Mai Faci kai shi ne yadda ƙanensa ya yi kyau. An wanke shi fes. Faratan nan da shekara talatin ba su rabu da baƙin mai ba sun yi fari sol. Ƙirjinsa na hawa yana sauka a natse, fatarsa da ɗumi, gemunsa ma ya ɗan tofo. Wani zare kore yana tsalle a jikin akwatin da ke gefen gado, yana ƙirga bugun zuciya. Mai Faci yakan tsaya yana sauraron injin nan, yana jin sha'awar yadda ba ya tari ko kaɗan, sai ya tuna inda yake, ya ji kunya ta kama shi.

Ranar Juma'a da safe likita ta kira su wani ƙaramin ofis, ta rufe ƙofa. Ta ce sun yi gwaji, kuma abin da suka gani shi ne ƙwaƙwalwar ta mutu gaba ɗaya, har gindinta. Matsin cikin kan ya kai inda jini ya kasa shiga, ƙwaƙwalwa kuwa ba ta jure rashin jini. Ta ce ba suma ba ce, ba dogon barci ba ne, mutuwa ce. Injin ne ke ɗaga ƙirjin, zuciya kuma tana da nata ɗan wayo, muddin iska na isa gare ta za ta yi ta bugawa na ɗan lokaci ko mai ita ba ya nan. Wani likita zai sake gwajin da rana. Idan ya ga abin da ta gani, za a kashe injin.

Uwar Biyu ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce ita ta ga gawa ba sau ɗaya ba, ta wanke mahaifiyarta da hannunta, kuma gawa ba ta da ɗumi, gawa ba ta tsirar da gemu. Ta ce jiya-jiyan nan da take goge masa ƙafa, babban yatsansa ya motsa, da idonta ta gani. Likita ta ce gaskiya ne, hakan na faruwa, amma daga lakar baya motsin yake fitowa, saƙon bai kai kai ba. Uwar Biyu ta girgiza kai kawai. Ta juyo ta fuskanci wan mijinta, abin da ba ta cika yi ba, don tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa haɗa ido da shi na tsawon lokaci ba.

"Yaya, kai ka duba shi ka ce ba komai, na yarda na tafi gida. Yanzu ma ba zan ji daga bakin kowa ba sai naka. Ka shiga ka sake dubawa. Abin da ka ce shi ke nan."

Babu faɗa a muryarta, babu gori. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya buɗe baki zai ce shi wane ne, shi da ko sunansa da ƙyar yake rubutawa, amma ta riga ta mayar da kanta ƙasa. Likita ta dube su su biyu, ta cire tabarau ta goge, ta ce ba kasafai suke bari ba, amma idan zai iya tsayawa shiru a gefe, ya shigo.

Da rana aka sa masa wata riga mai ɗaurin baya, aka tsayar da shi a ƙarshen gado. Likita na biyu dattijo ne mai sanƙo, ba ya magana sai da hannu. Ya ɗaga fatar idon Guduma ya haska tocila. Yanzu idanun biyu sun zama ɗaya, duka a buɗe, baƙi wuluk, hasken ya shiga bai dawo da komai ba. Ya taɓa ƙwayar idon da bakin auduga, ko ƙiftawa babu. Ya danna ƙashin gira da ƙarfi, irin dannar da za ta sa ƙato ya yi tsalle. Ya zura siririyar roba can cikin maƙogwaro, ba tari, ba yunƙurin amai. Sai nas ta kawo ruwan ƙanƙara a sirinji aka ɗura a kunne. Likitar farko, da ke tsaye kusa, ta raɗa wa Mai Faci cewa mai rai, komai nisan sumarsa, idanunsa sai sun juya wajen sanyin. Mai Faci ya ƙura ido. Guduma, da ko ruwan sama ya ɗiga masa a kunne sai unguwa ta ji, yana kwance yana kallon rufi.

Sai gwaji na ƙarshe. Aka ce za a cire injin, a bar masa iska mai kyau tana shiga ta siririn bututu don kada zuciya ta wahala, a jira. Idan da sauran rai a gindin ƙwaƙwalwa, ko yaya yake, iskar da ta gurɓata a jini za ta tilasta masa ya ja numfashi. Aka yaye zanen daga ƙirjinsa. Nas ta cire robar, injin ya yi shiru.

Wannan aikin Mai Faci ya iya shi. Ya sunkuya, ya sa hannu a gwiwa, ya kafa ido a kan ƙirjin nan yadda yake kafa wa ruwan baho, ba ƙiftawa, ba gaggawa. Ya ga tabon da ƙarfen jak ya yi wa Guduma shekarun baya. Ya ga wani gashi fari guda ɗaya yana rawa da bugun zuciya. Minti ɗaya, biyu, huɗu. Haƙarƙarin nan ko gezau.

A minti na shida hannun dama ya motsa.

Ya tashi daga kan katifa a hankali, gwiwar hannun ta lanƙwashe, yatsun suka nufi ƙirji kamar mai neman maɓallin riga. Ya tsaya a sama kaɗan, sannan ya zame ya faɗi. Gashin jikin Mai Faci ya miƙe. Bai san lokacin da ya yi taku biyu ba, sai jin hannun likita ya yi a damtsensa.

"Baba, ƙirjin za ka duba," ta ce a hankali. "Hannun daga laka ne. Dubi ƙirjin."

Ya duba. Ya duba har idanunsa suka kawo ruwa. Ya tuna wata rana da taya ta faɗo wa ƙadangare a wurin aikinsu, ƙadangaren ya tsere ya bar wutsiyarsa, wutsiyar ta yi ta rawa ita kaɗai a cikin ƙura, shi da Guduma suna tsugune suna kallo har ta gaji. Minti takwas. Minti goma. Aka ɗebi jini aka kai, aka dawo da 'yar takarda. Dattijon likitan ya karanta, ya dubi agogo, ya faɗi lokacin da ƙarfi don nas ta rubuta. Aka mayar da injin saboda iyali su samu yin sallama, ƙirjin ya koma hawa da sauka kamar ba abin da ya faru.

Tsakanin ɗakin da barandar da Uwar Biyu ke zaune bai fi taku ashirin ba, amma Mai Faci ya daɗe a hanyar. Yana da abin da zai faɗa mata wanda ba ƙarya ba ne. Zai iya cewa ya ɗaga hannu, ya tsaya nan. Ya san yadda fuskarta za ta washe, ya san za ta kira tagwaye ta ce su yi ta addu'a babansu na dawowa, za ta tare ƙofar ɗakin ta hana kowa taɓa injin. Shi ma da zai samu kwana biyu ko uku da ba wanda zai ce ƙanensa ya mutu a hannunsa. Ya tsaya a jikin bango, rigar asibitin na zamewa daga kafaɗarsa, har wata nas ta tambaye shi ko jiri yake ji.

Tana zaune a ƙarshen benci, takalman mijinta a cikin leda a kan cinyarta. Da ta gan shi ta miƙe.

"Yaya, me ka gani?"

Ya faɗa mata duka, bi da bi: tocilar, audugar, ruwan sanyin. Ya faɗa mata an cire injin. Ya faɗa mata hannun ya tashi, ya ga idanunta sun buɗe, bai bari ta yi magana ba.

"Hannun ya tashi, amma ba shi ya ɗaga ba. Minti goma ina kallon ƙirjinsa, ƙanwata, ban ƙifta ba. Bai ja numfashi ba ko sau ɗaya. Ba ya ciki. Guduma ya rasu. Ranar Talata ma ba lafiya yake ba. Ni ne ban iya dubawa ba."

Ledar ta zame daga hannunta, takalmi ɗaya ya gangara ƙarƙashin benci. Ba ta yi kururuwa ba. Ta tsaya baki a buɗe tana kallon ƙofar ɗakin, inda ake jin injin na hurawa yana saki. Leɓɓanta suka yi ta motsi da salati, sauti bai fito ba. Mai Faci ya durƙusa da ƙyar ya laluɓo takalmin, ya riƙe, bai san wa zai miƙa wa ba.

Da ta samu murya sai ta ce ya je ya gaya wa likita ta yarda. Amma a jira tagwaye su iso tukuna, suna hanya, don tana so su riƙe hannun babansu tun da sauran ɗumi.

Ya juya ya nufi ofishin likita, takalmin na hannunsa.